Abubuwa Uku Da Ba Su Ruɓewa: Nagarta Da Suna A Tunanin Sinawan Dā

A cikin shekara ta 549 kafin haihuwar Annabi Isa, ƙasar Lu ta aiki ɗaya daga cikin manyan fadawanta, Shusun Bao, jakadanci zuwa ƙasar Jin. A wancan zamani ƙasar Sin ba dunƙulalliya ba ce. Sarkin gidan Zhou yana nan bisa karagarsa, amma sarautarsa ta suna ce kawai. Iko yana hannun sarakunan ƙasashe, su kuma sau da yawa waziransu ke juya su. Lu ƙarama ce, tana cikin yankin da a ke kira Shandong a yau. Jin kuwa, a yankin Shanxi, ita ce shugabar ƙasashen arewa, mai riƙe da al'amuranta a lokacin kuma shi ne Fan Xuanzi. Shi ya fito ya taryi baƙon, ya kuma tambaye shi ma'anar wata tsohuwar magana ta mutanen dā, wadda ke nuna cewa akwai mai mutuwa amma ba ya ruɓewa.

Tun baƙo bai buɗe baki ba, mai tambaya ya amsa wa kansa. Ya shiga jero asalin gidansu daki-daki, tun daga zamanin da ya gabaci sarki Shun, ya ratsa ta daulolin Xia da Shang da Zhou, kowane zamani da sunan da zuriyar ke ɗauke da shi, har ya sauko kan gidan Fan na Jin. A ganinsa rashin ruɓewa ke nan. Shusun Bao bai yi masa kara ba. Ya nuna masa cewa wannan gadon muƙami ne da abincin sarauta, ba kuwa ƙasar da ta rasa gidaje irin wannan, kuma kome girman abincin sarauta ba a ce da shi rashin ruɓewa. Sa'an nan ya kawo misalin wani bafaden Lu da ya daɗe da rasuwa, Zang Wenzhong, wanda maganganunsa suka tsaya bayan ransa. Abin da shi ya ji daga magabata, in ji shi, abubuwa uku ne ke tsayawa kome daɗewar zamani. Mafi girmansu kafa nagarta, mai bi masa kafa aiki, na ƙarshe kafa magana.

Labarin yana cikin littafin Zuozhuan, wanda a ke karantawa a matsayin sharhin Chunqiu, watau tarihin ƙasar Lu daga 722 zuwa 481. Masana sun fi karkata ga cewa a ƙarni na 4 aka harhaɗa shi, saboda haka bai kamata a ɗauki zancen kamar an rubuta shi ne a wurin da aka yi shi ba. Muhimmancinsa yana wani wuri dabam. Fiye da shekara 2,000 duk Basinen da ya yi karatu mai zurfi ya san shi, har ya zama ma'aunin da a ke auna manyan mutane da shi. Wannan takarda za ta bi sawun maganar, ta duba abin da a ke nufi da ita, da ƙullin da ke cikinta, da waɗanda suka ƙi yarda da ita. Duk shekarun da aka ambata na kafin haihuwar Annabi Isa ne, sai inda aka ce Miladiyya. Game da sunaye, an bi ƙa'idar rubutun boko da hukumar Sin ta tsayar a 1958 Miladiyya, inda x ta yi kusa da sh ta Hausa, q ta yi kusa da c, zh kuma ta yi kusa da j.

Ya kamata a tsaya tukuna a kan kalmomin, gama a nan mai fassara zuwa Hausa ya kan yi tuntuɓe. Kalmar da aka fassara da nagarta ita ce de. A rubuce-rubucen da ke jikin tukwanen tagulla na farkon daular Zhou, alamarta tana ɗauke da ido mai miƙaƙƙen layi a bisansa, da alamar tafiya a hanya, da zuciya. De abu ne da sarki ke tarawa, kakanni su bar wa jikoki, Sama kuma ta dube shi ta ba da mulki ko ta karɓe. Ya wuce kyawun hali da mutum zai ɓoye a cikin ɗakinsa, yana da ƙarfin jawo mutane ba tare da an tilasta su ba. Konfushiyas, wanda Sinawa ke kira Kongzi (551 zuwa 479), ya kwatanta mai mulki da de da tauraron arewa, wanda ke zaune wuri guda sauran taurari na kewaya shi. Hausa ta raba wannan ma'ana ga kalmomi uku. Kirki ya ɗauki halin, alheri ya ɗauki abin da ke sa wanda aka yi wa ya ji nauyi a wuyansa, kwarjini ya ɗauki ƙarfin. An zaɓi nagarta a nan don ta fi faɗi, amma mai karatu ya riƙa jin kwarjini a cikinta.

Kalma ta biyu ba ta ba da wahala. Ming ita ce suna, kuma kamar yadda Bahaushe ke cewa an raɗa wa yaro suna, ya kuma ce wane ya yi suna ko ya ɓata sunansa, haka Basine ke yi da kalmarsa. Alamarta haɗin maraice ne da baki. Xu Shen, mai ƙamus ɗin Shuowen na wajen shekara ta 100 Miladiyya, ya bayyana cewa a cikin duhu mutane ba su ganin juna, sai kowa ya faɗi ko shi wane ne da bakinsa. Ko wannan ya yi daidai da asalin alamar ko bai yi ba, ya nuna yadda suka ɗauki suna, watau abin da ke tsaya wa mutum inda ba a ganinsa. Kabari kuwa shi ne duhun da ya fi kowane.

Ta uku ita ce xiu, ruɓewa irin ta itace. Da ita Konfushiyas ya tsawata wa almajirinsa Zai Yu mai barcin rana, ya kamanta shi da ruɓaɓɓen icen da ba ya sassaƙuwa. To, a lura, ba zancen lahira a ke yi ba, ba kuma zancen hisabi ba. Abin da Sinawan wancan zamani suka gada shi ne, mamaci yana ci gaba da samun rabonsa muddin zuriyarsa na miƙa masa abinci da abin sha a ɗakin kakanni, ranar da zuriya ta yanke kuwa ya shiga yunwa. Ashe Fan Xuanzi ba alfahari kaɗai ya ke yi ba, tsohuwar aƙida ya ke faɗi. Sabon abu daga bakin baƙon ya fito, domin ya ɗauke dawwama daga hannun 'ya'ya da jikoki ya sa ta a hannun jama'a, waɗanda ba dangin iya ba na baba. Wanda dangi ke tunawa, tilas ce ta sa. Wanda bare ke tunawa, sai ya yi abin tunawa.

A cikin wannan shekara ta 549 Fan Xuanzi ya sake shan wani darasin. Gaisuwar da ya ɗora wa ƙananan ƙasashe ta yi nauyi, sai Zichan na ƙasar Zheng ya aika masa da wasiƙa, ya ce abin da ya kamata shugaba ya ji tsoro shi ne rashin kyakkyawan suna, ba rashin dukiya ba. Ya kwatanta suna da keken da ke ɗaukar nagarta ya kai ta nesa, ya kuma tuna masa cewa haure ne ke jawo wa giwa halaka. Fan Xuanzi ya ji daɗin wasiƙar, ya rage gaisuwa. A nan suna kayan aikin mulki ne, kuma mai ƙaramin ƙarfi ya yi amfani da shi ya ja wa mai babban ƙarfi linzami.

Shin Shusun Bao ya cika abin da ya faɗa? Zuozhuan ya ba da amsa iri biyu. A 541 ƙasashe suka taru a Guo don sabunta alkawarin zaman lafiya. Ana cikin taro sai labari ya zo cewa Ji Wuzi, mai riƙe da ragamar Lu, ya kai wa ƙasar Ju hari ya ci garin Yun. Mutanen Chu suka nemi a kashe jakadan Lu, watau Shusun Bao, wanda ba shi da hannu cikin abin. Wani bafaden Jin, Yue Wangfu, ya aiko yana roƙon ɗamara, ma'ana a toshe shi ya yi ceto. Baran Shusun ya ba shi shawara ya bayar, tun da amfanin dukiya ke nan, ta kare rai. Ya ƙi. Hujjarsa ita ce, in ya fanshi kansa da toshi, laifin yana nan, kuma a kan ƙasar Lu za a huce da yaƙi. Ko da ya ke yana jin haushin Ji Wuzi, ƙasa ba ta yi laifin kome ba. Da ya ga mai roƙon ba zai daina ba, sai ya yage wani ƙyalle daga tufarsa ya aika masa a madadin ɗamara. Zhao Wu, shugaban wakilan Jin, da ya ji wannan, shi da kansa ya roƙi Chu aka sake shi.

Amsa ta biyu ba ta da daɗin ji. Tun yana saurayi, a hanyarsa ta gudun hijira zuwa Qi, ya kwana wurin wata mace a Gengzong, ta haifa masa ɗa, wanda daga baya ya ɗauko ya damƙa masa al'amuran gidansa. Sunan ɗan Niu. Da makircin Niu aka kashe ɗaya daga cikin 'ya'yan aure, aka kori ɗayan. Da tsohon ya kwanta ciwo a 538, Niu ya hana kowa shiga wurinsa, abincin da a ke kawowa ya juye ya mai da kwanoni wofi, har yunwa ta kashe shi. Mutumin da ya gagari manyan ƙasashe bai iya gane maƙiyinsa a cikin gidansa ba. Duk da haka maganarsa ta tsaya. Gidan Fan kuwa, mai asali tun kafin Shun, ya shiga yaƙin basasar Jin a 497, a 490 jikan Fan Xuanzi ya gudu zuwa Qi, gidan ya fita daga sarauta. Shekara 59 ke nan bayan tambayar.

Akwai wani abu a cikin amsar Shusun da ba a cika lura da shi ba. Ya sa nagarta a sama, magana a ƙasa, amma misali guda da ya kawo na mai magana ne. Kuma Zang Wenzhong ɗin nan bai tsira daga bakin Konfushiyas ba, wanda ya zarge shi da gina wa kunkurun duba ɗaki mai ado irin na sarakuna, da kuma sanin cancantar Liuxia Hui amma ya ƙi ɗaga shi. Watau magana tana iya tsayawa alhali nagartar mai ita da saura. Kong Yingda (574 zuwa 648 Miladiyya), babban mai sharhi na daular Tang, ya yi ƙoƙarin shata iyaka. A wurinsa mai kafa nagarta shi ne wanda ya shimfiɗa ƙa'idar da ta amfani kowa, mai kafa aiki shi ne wanda ya kau da masifa a zamaninsa, mai kafa magana shi ne wanda zancensa ya kama ainihin abu har ya cancanci a riƙa isar da shi. Iyakar ta yi kyau a takarda. Amma nagarta da aiki ba su da ƙafar da za su taka su iso ga na baya, sai magana ta goya su. Na ƙarshe a daraja shi ne mai ɗauke da sauran biyun.

Wajen Konfushiyas ne ƙullin ya fito fili. A littafin Lunyu, inda almajirai suka tara zantuttukansa, ya sha nanata cewa kada mutum ya damu don ba a san shi ba, ya damu da ko ya cancanci a san shi. Amma a cikin littafin nan kuma an ruwaito cewa mutumin kirki yana ƙin ya bar duniya ba a ambaton sunansa. Yaya za a haɗa biyun? Masu sharhi sun yi ta fama, har waɗansu suka nemi mafita ta hanyar lafazi. Alamar da ke nufin ambato, in aka sauya karin sautinta, tana nufin dacewa, kamar dai yadda gado na kwanciya da gado na magada ke zama ɗaya a rubuce, biyu a baki. Wang Yangming (1472 zuwa 1529 Miladiyya) ya zaɓi karatu na biyu, ya ce abin ƙin shi ne mutum ya mutu sunansa bai dace da haƙiƙarsa ba. Dabara ce mai kyau, sai dai Sima Qian, wanda ya fi shi kusa da zamanin da shekara 1,600, da karatu na farko ya fahimci maganar. Ya fi kyau a yarda cewa Konfushiyas ya so suna, amma ya tsananta wajen irin sunan da wajen masu ba da shi.

Shaidar wannan ita ce amsar da ya ba Zizhang, wanda ya ɗauka cewa isa ita ce a ji labarin mutum a ƙasa da gida. Malamin ya ce wannan shahara ce. Shahararre yana iya aron kamannin kirki a fuska, aikinsa na saɓa masa, ya kuma zauna a haka ba ko ɗar. Isasshe kuwa miƙaƙƙe ne, mai son daidai, mai sauraron zancen mutane, mai ƙasƙantar da kai. Da Zigong ya tambaye shi game da wanda duk mutanen gari ke so, sai ya ce bai isa ba, haka ma wanda duk gari ke ƙi. Wanda ya fi shi ne wanda mutanen kirkin gari ke so, miyagunsa kuma ke ƙi. Na-kowa, mai tafiya da kowa don kada ya ɓata da kowa, shi ne ya kira ɓarawon nagarta. Ya kuma gwada Sarki Jing na Qi, mai dawakin keke dubu huɗu, wanda ran da ya mutu talakawa suka rasa abin yabonsa, da Boyi da Shuqi, waɗanda yunwa ta kashe a gindin dutsen Shouyang amma a ke ta yabonsu.

Mengzi, wanda ya zo a ƙarni na 4, ya ƙara tsananta sharaɗin. Misalinsa sananne ne: duk wanda ya ga yaro zai faɗa rijiya, gabansa zai faɗi, ba don ya sami shiga wurin iyayen yaron ba, ba kuma don maƙwabta su yabe shi ba. Tushen nagarta ya riga tunanin suna. Ya kuma ce abin kunya ne ga mutumin kirki sunansa ya zarce haƙiƙarsa, ya kamanta irin wannan da ruwan sama da ke cika kwatami nan da nan ya ƙafe nan da nan, ba kamar idon ruwa ba.

Tun da suna a hannun waɗansu ya ke, tilas a tambayi wa ke riƙe da alƙalamin. Sinawa sun yi wa wannan tanadi biyu. Na farko laƙabin bayan mutuwa, wanda fadawa ke zaɓa wa sarki gwargwadon halinsa. Wen da Wu na yabo ne, Li da You da Ling na zargi. Sarkin Chu da aka ci da yaƙi a Yanling a 575, da ajali ya matso a 560, ya roƙi fadawansa su laƙaba masa Ling ko Li saboda kunyar da ya jawo wa ƙasa, ya maimaita har sau biyar kafin su amsa. Bayan ya mutu waziri Zinang ya ce sarkin da ya san laifinsa ya cancanci Gong, watau mai ladabi, kuma da wannan a ke kiransa har yau. Ɗansa Wei, wanda ya shugabanci wakilan Chu a taron Guo, ya kashe ɗan ɗan'uwansa ya hau sarauta, shi ne ya sami Ling ɗin ba tare da ya roƙa ba. Mengzi ya ce mummunan laƙabi, in ya kama, ko zuriya ɗari ta 'ya'ya masu biyayya ba ta iya kankare shi. Ba mamaki da Sarkin Farko na Qin ya haɗe ƙasar a 221 ya soke al'adar, don a ganinsa ɗa ne ke yi wa uba shari'a, bara kuma ke yi wa ubangidansa. Daularsa ba ta wuce shekara 15 ba, daular Han ta mai da al'adar.

Tanadi na biyu shi ne magatakardan tarihi na fada. A 548, shekara guda bayan zancen Shusun, Cui Zhu, wazirin Qi, ya sa aka kashe Sarki Zhuang a gidansa saboda sarkin yana neman matarsa. Magatakarda ya rubuta a tsagin gora cewa Cui Zhu ya kashe ubangidansa. Cui Zhu ya kashe shi. Ƙanensa ya gaje shi ya rubuta haka, aka kashe shi, na biye ma haka. Da na huɗu ya sake rubutawa, waziri ya haƙura. Wani magatakardan daga kudu, da ya ji an ƙare su, ya taso riƙe da gorarsa, sai da ya tabbata an rubuta sa'an nan ya juya.

Wanda ya fi kowa auna nauyin wannan alƙalami shi ne Sima Qian. A 99 ya kāre janar Li Ling, wanda ya miƙa wuya ga Xiongnu, Sarki Wu ya husata, aka yanke masa hukuncin dandaƙa. Mai mutunci a zamanin kashe kansa ya ke yi kafin a kai ga haka. Shi ya zaɓi ya rayu da wulakanci don ya gama littafin da ubansa Sima Tan ya bar masa wasiyya, watau Shiji mai babi 130. A wasiƙar da a ke danganta masa zuwa ga Ren An an bayyana dalilin: kowa zai mutu, amma wata mutuwar ta fi dutsen Tai nauyi, wata ba ta kai gashin tsuntsu ba, shi kuwa yana tsoron ya tafi rubutunsa bai isa ga na baya ba. Ya sayar da mutuncin yau don sunan gobe.

Babin farko na tarihin mutane a Shiji na Boyi da Shuqi ne, 'ya'yan sarkin Guzhu da kowannensu ya bar wa ɗan'uwansa sarauta, suka hana Sarki Wu yaƙar daular Shang bai hanu ba, suka ƙi cin hatsin Zhou har suka mutu. Labarin gajere ne, tambayoyi suka cika babin. Konfushiyas ya ce ba su yi baƙin ciki ba, gama abin da suka nema sun samu. Sima Qian ya nuna shakka. In da gaske Sama tana tare da mutumin kirki, don me Yan Hui, mafi nagartar almajirai, ya rayu da talauci ya mutu da ƙuruciya, ɗan fashi Zhi kuwa ya cika kwanakinsa lafiya? Bai ba da amsa ba. Abin da ya ƙare da shi shi ne, Boyi da Yan Hui kansu sunansu ya ƙara fitowa ne saboda Konfushiyas ya ambace su, kuma akwai irinsu da yawa a lunguna da kogunan dutse da suka shuɗe ba mai ambato. In Sama ba ta sāka ba, marubuci ne zai sāka, marubuci kuwa ba ya ganin kowa.

Ba dukan Sinawa suka karɓi wannan ciniki ba. Littafin Laozi ya tambayi wanne ya fi kusa da mutum, sunansa ko jikinsa. Littafin Zhuangzi ya kira suna baƙon haƙiƙa, ya kuma kawo labarin makiyaya biyu da tumakinsu suka ɓace, ɗaya yana karatu, ɗaya yana caca. Dalili dabam, hasara ɗaya. Haka Boyi da ya mutu don suna da Zhi da ya mutu don riba, duka sun ɓatar da ransu saboda abin da ke wajensu. Han Fei, wanda ya mutu a 233, ta wata fuska ya ɓullo. A wurinsa wanda ba ya kwaɗayin lada ba ya tsoron horo, irin su Boyi, ba shi da amfani ga sarki, kuma ƙasa ba ta zama lafiya muddin abin da jama'a ke yabo dabam ne da abin da doka ke sāka wa. Sukar Zhuangzi tana da kaifi, amma ta dogara ga cewa don suna Boyi ya mutu, abin da mabiya Konfushiyas ba su taɓa yarda da shi ba. Ta Han Fei kuwa, in aka duba, yabo ce ba da niyya ba, gama abin da ya sa Cui Zhu ya ajiye takobi shi ne ya gamu da mutanen da horo ba ya tanƙwara su.

Labarin Yang Zhen ya nuna inda al'adar ta tsaya a zamanin Han ta biyu. Yana kan hanyar kama aikin gwamna a Donglai ya yada zango a Changyi, inda Wang Mi, wanda shi ya taɓa gabatar da shi ga hukuma, ke hakimci. Da dare Wang Mi ya kawo masa zinariya awo goma, ya ce duhu ne, ba wanda zai sani. Yang Zhen ya lissafa masa masu sani huɗu, Sama da iskoki da su biyun, Wang Mi ya fita da kunya. Da abokai suka ce ya tara wa 'ya'yansa dukiya, ya ce gadon da zai bar musu shi ne a kira su zuriyar ma'aikaci mai tsabtar hannu. Makircin fada ya sa aka tuɓe shi, ya sha dafi a 124 Miladiyya. Ɗansa da jikansa da tattaɓa-kunnensa duk sun hau babban muƙamin da ya riƙe. Sunan da nagarta ta kafa ya koma abincin sarauta, daidai abin da Fan Xuanzi ya yi taƙama da shi.

Sannu a hankali na ukun ya yi ta hawa. Cao Pi (187 zuwa 226 Miladiyya), wanda annobar 217 ta kwashe abokansa marubuta, ya rubuta cewa shekaru suna ƙarewa, daɗi yana tsayawa ga jiki, adabi ne ba shi da iyaka. A 1919 Miladiyya, jim kaɗan bayan rasuwar mahaifiyarsa, Hu Shi ya sake duba maganar a wata maƙala. Ya yarda ta fi aƙidar dawwamar ruhi, amma ya ga aibi uku a cikinta: ta tsaya ga 'yan ƙalilan, ba ta ce kome game da dawwamar mugun aiki ba, kuma ba ta faɗi iyakar nagartar da ta isa a ƙidaya ba. Ya ba da shawarar a ɗauki dukan al'umma a matsayin mai dawwama, inda aikin kowa, babba ko ƙarami, mai kyau ko mummuna, ke barin alama ko an san mai shi ko ba a sani ba.

Aibin farko da ya ambata yana nan a cikin Zuozhuan kansa. Littafin ya adana sunan Cui Zhu, da na sarkin da ya kashe, da na matar da aka yi rigimar dominta. 'Yan'uwan nan huɗu kuwa da muƙaminsu kaɗai ya ambace su. Masu hikaya na ƙarnonin baya sun laƙaba musu Bo da Zhong da Shu da Ji, waɗanda kalmomin jerin haihuwa ne, watau babba, da mai bi masa, da na uku, da auta.